Tsakuwa a Cikin Ƙarfe: Dattin da Ke Ɓuya a Gaurayen Nikel

 

Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina masu nazarin ƙarafa, iyayenmu maƙera da masu zubi da nake hangowa a sahun gaba, ɗalibai maza da mata, jama'a baki ɗaya, barkanmu da war haka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, musamman da suka amince a yi shi da Hausa, domin akwai mutane a ɗakin nan da suka fi shekara talatin suna gaban wuta, kuma maganar tasu ce kafin ta zama tamu.

Abin da zan yi magana a kai shi ne ƙananan ƙwayoyin da ba ƙarfe ba, waɗanda ke maƙalewa a cikin gaurayen nikel tun lokacin da ake narka shi a masana'anta. Zan riƙa kiran su tsakuwa. Duk wanda ya taɓa cin shinkafar da ba a rege da kyau ba ya san dalilin wannan suna: tukunya guda ta dahu, ta yi daɗi, amma ƙwaya ɗaya ce za ta haɗu da haƙori. Wanda haƙorinsa ya karye ba ya tambayar kaso nawa cikin ɗari na tukunyar ne tsakuwa. Iƙirarina a yau ke nan: ƙarfin irin wannan ƙarfe ba ya rataya a kan matsakaicin tsabtarsa, yana rataye ne a kan tsakuwa mafi girma da ta faɗa a wuri mafi muni. Zan bi maganar a matakai shida.

Na farko: me ya sa sai nikel?

Nikel yana narkewa a zafin digiri 1455. Wannan bai kai na baƙin ƙarfe ba ma, to ina fifikonsa? Fifikonsa shi ne idan aka gauraya shi da wasu ƙarafa, yakan riƙe ƙarfinsa a zafin da ƙarfen gini zai yi laushi kamar nakiya. A farkon shekarun 1940, lokacin da Frank Whittle yake fama da injin jet ɗinsa a Ingila, babbar matsalarsa ita ce abin da zai jure wutar. Gaurayen da aka sa wa suna Nimonic ne ya fitar da shi kunya. Daga baya, a Amurka, aka fito da Inconel 718, wanda har gobe shi ne ake narkawa fiye da kowanne a wannan dangi. Fiye da rabinsa nikel ne, kusan kaso ɗaya cikin biyar kuromiyam, sai baƙin ƙarfe, niyobiyam kamar kaso 5 cikin ɗari, molibdinam kamar 3, sannan ɗan titaniyam da ɗan alminiyam.

Ku riƙe waɗannan biyun na ƙarshe. Alminiyam da titaniyam, tare da niyobiyam, su ne ke haɗuwa da nikel su yi wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin ƙarfen waɗanda ke hana shi miƙewa a cikin wuta. In babu su babu ƙarfin. Amma kuma a duk abin da ake zubawa a tukunya, babu masu kwaɗayin iska kamar su. Alminiyam ba ya ganin oksijin ya ƙyale, titaniyam ba ya ganin naitirojin ya ƙyale. Ashe maganin da cutar gida ɗaya suka fito.

Na biyu: daga ina tsakuwar take zuwa?

Akwai wadda ake haifa a cikin ruwan ƙarfen, akwai wadda take faɗowa daga waje.

'Yar gida ita ce wadda na fara ambata. Alminiyam ya haɗu da oksijin, an sami alumina, dutse mai tauri irin wanda ake yin takardar goge ƙarfe da shi, wanda ba ya narkewa sai an haura digiri 2000. Titaniyam ya haɗu da naitirojin, an sami wata ƙwaya da ba ta narkewa sai kusa da digiri 2900. Ruwan ƙarfen kuwa yana wajen digiri 1500 zuwa 1600 ne, don haka waɗannan suna yawo a cikinsa daskare, kamar gudaji a kunu. Ɗalibai, ranar da kuka goge ɗan guntun 718 har ya yi sheƙi kamar madubi kuka sa shi ƙarƙashin na'urar ƙara girma, za ku ga wasu 'yan murabba'ai masu ruwan zinare, gefensu a miƙe tamkar an yanka da reza. Ranar da na fara ganin su sai da na daɗe ban ɗaga kaina ba, don kyansu. Titaniyam da naitirojin ke nan. Ku ƙara duba tsakiyarsu, sau da yawa za ku ga ɗan baƙin ɗigo, ƙwayar tsakuwa ce mai oksijin da aka gina murabba'in a kanta. Waɗannan kusurwoyi masu kyan gani, daga nan tsaga take farawa.

Sai farar wuta. Wannan tsohuwar abokiyar gaba ce ta nikel. Idan suka haɗu sukan yi wani abu da ke narkewa a ɗan sama da digiri 600 kawai, ya kwanta a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen kamar maiƙo. Maƙeri ya ɗora guduma a kan jan ƙarfe, sai ya wargaje maimakon ya miƙe. A shekarun 1870 wani Bajamushe, Theodor Fleitmann, ya gano cewa ɗan magniziyam kaɗan yana kama farar wutar ya ɗaure ta, nikel ya ƙeru. Har yau ana wannan dabara. Sai dai shi ma magniziyam, in ya yi yawa ko ya sami oksijin, sabuwar tsakuwa yake haifarwa.

Baƙuwa kuma, wadda ta fi ban tsoro don ta fi girma, tana zuwa ne daga jikin tukunyar kanta. Tukunyar narki da tubalin magnisiya ko na alumina ake gina cikinta. Ruwan ƙarfe yana juyawa, yana lasar bango, yana ɓantaro ɓarɓashi. Alminiyam ɗin da ke cikin ruwan ma yakan ci bangon magnisiya, su haɗu su yi wani dutse mai tauri da ake kira sifinel. Akwai kwararon da ruwan ke bi zuwa mazubi, akwai kashin narkin jiya da ya manne a bango ba a kankare ba. Akwai kuma tarkacen da ake maidowa. Nikel da niyobiyam suna da tsada, ba mai zubar da ɓarɓashin da injin sassaƙa ya fitar, ana tattarawa a sake narkawa. In ba a wanke shi daga mai ba, in ba a ware shi iri-iri ba, in guntun bakin sassaƙa ya karye ya shiga ciki, to an gayyato baƙo da hannu biyu.

Iyayenmu masu zubin tukunyar alminiyam sun san wannan ba a littafi ba. Ku tsaya kusa da mai zubi idan ruwan ya narke: zai ɗauki dogon ludayin ƙarfe ya yaye wata fata mai toka-toka da ta taru a sama, ya kakkaɓe ta gefe, sannan ya zuba a hankali ba tare da ruwan ya fantsama ba. Tambaye shi dalili, zai ce in ta shiga tukunyar za ta yi yoyo. Wannan fata alumina ce. Abin da yake yaƙi da shi da ludayi, shi ake yaƙi da shi da injinan miliyoyin daloli.

Bari mu yi ɗan lissafi tare, don mu san yawan abokan gabar. A masana'antar da ta iya aikinta, ana maganar oksijin kaso 10 ko 20 ne cikin miliyan. Mu ɗauki 10. A tan ɗaya na ƙarfe, giram 10 ke nan na oksijin. In duk ya zama alumina, giram 21 ne da ɗoriya, wajen cikin ƙaramin cokalin shayi. Kaɗan ne, ko? To a raba shi ƙwayoyi masu faɗin maikiron 10, wato kamar kaso ɗaya cikin bakwai na kaurin gashin kai. Za a sami ƙwaya kusan biliyan 10. A tan ɗaya, kuma na ƙarfen da ake yabo da tsabta. Saboda haka duk wanda ya ce muku ƙarfensa ba shi da tsakuwa, bai duba ba ne. Abin da ake nema shi ne su zama ƙanana, a warwatse, kada su dunƙule wuri ɗaya.

Na uku: me ƙwaya ɗaya take iya yi?

A tsakiyar injin jirgin sama akwai faifai mai kauri wanda aka jera fikafikai a bakinsa. Yana juyawa wajen sau 10,000 a minti ɗaya, bakinsa yana cikin zafin digiri 600 da wani abu, kowane fiffike yana jan sa da nauyin tan da yawa. Jirgi ya tashi, faifan ya ɗau zafi ya miƙe. Jirgi ya sauka, ya huce ya koma. Ƙarfen yana da haƙurin wannan kai da komo, tsakuwa ba ta da shi. Ba ta miƙewa, ba ta kumbura daidai da maƙwabtanta idan an ji zafi. Ko ta fashe, ko ta rabu da ƙarfen da ke kewaye da ita, sai a sami ɗan rami. Daga ramin tsaga take fitowa, tana ƙaruwa da abin da ido ba ya gani a kowane tashi, shekara da shekaru. Wannan shi muke kira gajiyar ƙarfe.

Ranar 28 ga Oktoba, 2016, wani jirgin American Airlines ƙirar Boeing 767, mai lamba 383, yana gudu a kan titin filin O'Hare na Chicago zai tashi zuwa Miami, da mutum 170 a ciki. Faifan mataki na biyu na injin dama ya tarwatse. Wani ɓallinsa mai nauyin kilo 26 ya yi tafiyar kusan mita 900 ya fasa rufin wani ɗakin ajiya. Mai ya tsiyaya, wuta ta cinye fiffiken dama. Matuƙan sun taka birki, kowa ya fita da ransa, Allah Ya kiyaye. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi diddigi, faifan na Inconel 718 ne, kuma tsagar ta faro daga wani tabo da ke ƙarƙashin fatar ƙarfen, abin da 'yan sana'a ke kira farin tabo mai datti. An yarje wa faifan tashi da sauka 15,000, ya yi 10,984. Tabon yana nan tun ranar da aka zuba curin ƙarfen, faifan ya yi shekaru yana kai mutane garuruwa yana dawowa.

Na huɗu: yaya ake regewa?

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne sana'ar take.

Narki na farko ana yin sa a cikin ɗakin ƙarfe da aka zuƙe wa iska, wutar lantarki ce ke narka shi ta hanyar maganaɗisu ba tare da harshen wuta ba. 'Yan sana'a suna kiran sa VIM. Tsarin zuba kaya a nan kamar na miya ne, kowane da lokacinsa. A fara da nikel da baƙin ƙarfe da makamantansu tare da ɗan kabon. Kabon zai kama oksijin su zama iska, ruwan ya yi ta tafasa, injin zuƙa yana kwashewa. Sai tafasar ta kwanta ake sa alminiyam da titaniyam, magniziyam kuma a can ƙarshe. Wanda ya yi gaggawa ya zuba alminiyam kafin oksijin ya fita, da hannunsa ya ƙera tsakuwa. Amma wanda ya daɗe ƙwarai yana jira ma bai tsira ba, don muddin ruwan yana tukunya yana cin bango. Naitirojin kuwa ya fi taurin kai, kuromiyam yana riƙe shi, don haka gara a hana shi shiga tun wajen sayen kaya.

Nauyin alumina kusan rabin na ruwan ƙarfen ne, don haka tana tasowa sama in an ba ta lokaci. To amma saurin tasowar ya danganta da girma: in ƙwaya ta ragu da rabi, saurinta yakan ragu sau huɗu. Manya su taso, ƙanana su yi ta shawagi. Shi ya sa ake sa shingaye a kwararon zubi, da rariyar yumɓu mai kama da soso, ruwan ya ratsa, dattin ya manne.

Narki na biyu, ESR, cibiyar Paton da ke Kiev ce ta raya shi a shekarun 1950. Ana ɗaukar sandar ƙarfen da aka zuba a narkin farko a tsoma bakinta cikin tafkin kashin maƙera mai zafi, wanda aka haɗa da gangan daga farar ƙasa da alumina da dutsen fuluwospa. Sandar tana narkewa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo sai ya ratsa tafkin kafin ya sauka. Tafkin ya tsotse farar wuta, ya kama manyan tsakuwoyi. Ku lura da wannan: kashin da maƙeri ke zubarwa a bayan maƙera, shi aka mayar sabulun wanka.

Narki na uku, VAR, a ɗakin da babu iska ake sake yin sa, da tartsatsin lantarki tsakanin sandar da ruwan da ke ƙasa, a cikin mazubin tagulla da ruwa ke sanyayawa. Yana fitar da sauran iska, yana sa ƙarfen ya daskare a tsare daga ƙasa zuwa sama. Faifan da rai ya rataya a kansa, akan bi da shi ta biyu ko duka ukun.

To ina farin tabo yake fitowa? Daga wannan narki na ƙarshe. Yayin da ake narkawa, fantsami da datti suna taruwa a bangon mazubin su yi kamar rawani a saman ruwan. In tartsatsin ya karkata gefe, ko sandar tana da tsaga a ciki, sai wani ɓalli ya faɗo cikin tafkin. In ya nutse ya daskare kafin ya narke, shi ke nan, ya zauna da dattinsa. Matakin da aka kafa don tsabta shi ma yana da tasa ƙofar datti, kuma abin daƙiƙoƙi ne a aikin da ke ɗaukar awoyi da yawa. Shi ya sa ake rubuta ƙarfin wuta da saurin narki daƙiƙa bayan daƙiƙa, a yanke kai da gindin curin a ajiye gefe.

Akwai kuma gaurayen da sinadaransu suka yi yawa har ba sa zubuwa a curi, sai a mayar da su gari. Ana fesa ruwan ƙarfen da iskar argon ya zama ƙura, a tankaɗe da rariya mai ido kamar maikiron 50, a matse shi da zafi ya koma dunƙule. Hikimar ita ce tsakuwar da ta fi idon rariya ba za ta wuce ba. Amma gari yana da faɗin jiki, komai yana kamawa: ɓarɓashin bututun fesawa, zaren tufafi, guntun roba. A watan Yulin 2023 kamfanin da ya mallaki Pratt & Whitney ya sanar da cewa garin ƙarfen da aka yi tsakanin ƙarshen 2015 da 2021 ya sami gurɓata, kuma an yi faya-fayan injinan jiragen Airbus A320neo da shi. Aka ce sai an sauke injina 600 zuwa 700 a duba, kamfanin ya rubuta asarar kusan dala biliyan 3, ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari, a nan kuwa garin ne da kansa.

Na biyar: me ya hana a duba a ƙarshe a cire mai aibi?

Ana dubawa. Ana tsoma faifai a ruwa a bi shi da sautin da kunne ba ya ji, irin sikanin da ake yi wa mai juna biyu. Ana shafa ruwa mai ƙyalli don tsagar da ta fito fili. Amma sautin yana da iyakar abin da yake ji, kuma tabon da ya manne da ƙarfe sosai ba ya maido amsa. A binciken Chicago an kammala cewa da wuya hanyoyin dubawa na lokacin ƙera faifan su iya ganin tabon.

A ɗakin gwaji kuma, guntun da muke gogewa bai fi farce ba, curin kuwa tan da yawa ne. Mai sayen hatsi ya soka hannu a bakin buhu, ya ce buhun duka haka yake? Don haka aka nemi dabaru. Akwai narka ɗan guntu da hasken lantarki har dattin ya taso ya taru a sama kamar kumfa, a auna faɗinsa. Akwai hanyar Farfesa Yukitaka Murakami na Japan, inda ake auna tsakuwa mafi girma a gurare da dama, a yi lissafin wadda ake tsammani a dukan faifan. Duk suna da amfani, amma kintace ne. Ra'ayina, kuma ina faɗinsa da ƙarfi: tsabtar wannan ƙarfe a gaban tukunya ake yin ta. Ma'aikacin da ya ga wuta ta yi rawa da tsakar dare ya rubuta gaskiya a takarda, ko da za a yi asarar curin, ya fi kowace na'urar dubawa tsare rayuka.

Na shida: mu ina ruwanmu?

Ba ma narka irin wannan ƙarfe a ƙasar nan, gaskiya ne. Amma muna hawansa. Jirgin da ke kai alhazanmu Jidda a kansa yake tafiya. Injinan gas da ke ba mu wuta a Geregu da sauran tashoshi, fikafikansu na gaurayen nikel ne. Mu masu saye ne da masu gyara, kuma mai saye yana da haƙƙin tambaya.

Kirana ga injiniyoyinmu da ke sayen kayan gyara: ku nemi takardar shaidar narki, ku ga lambar curin da hanyar da aka bi, kada araha ta sa ku karɓi abin da ba a san asalinsa ba. Ga masu kula da injina: adadin tashi da saukar da aka yanka wa faifai ba shawara ba ce, ku kiyaye shi, ku kiyaye littafinsa. Ga jami'o'inmu: a gyara na'urorin goge ƙarfe da na ƙara girma, kada ɗalibi ya kammala bai taɓa ganin murabba'in nan mai ruwan zinare da idonsa ba. Ga ku ɗalibai kuma, ku je maƙera da wajen masu zubi ku zauna ku kalla, ku tambaye su yadda suke gane ruwan da ya yi da wanda bai yi ba. An narka tama a gindin Dala fiye da shekara dubu da suka wuce, jikokin masu wannan aiki suna nan tare da mu yau.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata.  Ƙofar tambaya a buɗe take, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu masu zubi dama, don ina son jin sunan da suke kiran fatar nan da suke yayewa.